Ƙullutun da Ba Ya Zafi

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina yi miki sannu da hanya. Allah Ya sa mota ta sauke ki Dutsi lafiya, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki a asibitin da aka tura ki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Babanki yana gaishe ki, ya ce kada ki yi wasa da azkar ɗin safe.

Za ki yi mamakin samun takarda a jakarki tsakanin zannuwa, alhali muna tsakar gida tare kika gama ɗaure kaya ban ce miki komai ba sai Allah Ya kiyaye. Kin san halina da ke. Ke ce ta fari, ga sunan mahaifiyata a kanki, bakina ba ya buɗewa a gabanki yadda yake buɗewa gaban matan da nake yi wa kitso. Kwana uku na yi ina wannan rubutu, bayan la'asar in masu kitso sun watse. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri, karatuna na ajin manya ne.

Kin ce aikinki shi ne shiga gidaje ki yi wa mata bayanin sankara, ki lallashe su su zo gwaji tun suna kan ƙafafunsu. Matan da za ki tarar can irina ne. Shi ya sa na ga gara in faɗa miki inda na yi kuskure, ki san yadda kanmu yake aiki kafin ki yi sallama a gidan kowa.

Zan fara da Yaya Rabi, yayata da ta yi aure a Mai'adua. Kina da shekara bakwai ta rasu, na san abin da kika riƙe nata bai wuce alewar madara da take kawo miki ba. Wata Alhamis ta zo Daura in yi mata shuku. Na raba kan ke nan sai ta kamo hannuna ta cusa cikin rigarta, ta ce, "A'i, taɓa nan ki ji."

Na taɓa. Wani ƙullutu ne a nonon dama, bai fi ƙwallon dabino ba, mai tauri. Na ce, "Yana zafi?"

Ta ce, "Ko kaɗan."

Na ce, "To ai ba komai ba ne. Ruwan nono ne ya kwanta tun yaye. Gyara kanki in ci gaba."

Iyakar abin da na ce ke nan, Ummi. Ta kawo mini tambaya, na ba ta amsar da ban sani ba, don kawai ina jin kunyar in ce ban sani ba.

Bayan wata bakwai ta dawo. Abin ya kai ƙwan kaza, fatar wurin ta yi ɗigo-ɗigo kamar ɓawon lemo, kan nonon ya nutse ciki. Ta ce mijinta ya ce in ya dawo daga kai shanu kudu zai kai ta asibiti. Na dafa ta na ce, "Yaya, wannan daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe. Allura tana taɓa shi zai fusata ya bi jiki." Ni na samo mashin biyu, ni na raka ta wani ƙauye gaba da Kongolam wurin mai magani. Ya ba mu baƙin ƙulli na shafawa da saiwoyi na dafawa. Muka yi ta shafawa har wurin ya fashe. Yaya mace ce mai tsabta, ta koma ba ta rabuwa da kaskon turare don kada a ji warin. Da aka kai ta Katsina daga baya, sai da aka riƙe ta ta shiga. Likita ya buɗe ya duba, ya rufe, ya juyo ya ce mana, "Ina kuka tsaya?" Wata biyu ta ƙara a duniya.

A zaman makoki mata suna cewa, "Ga shi nan ai, da ba a kai ta asibiti ba da tana nan." Ina gyaɗa kai tare da su.

Sai da aka share makoki na fara tambayar kaina, ni wai a ina na samo maganar ƙarfen nan? Na bi sawunta kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Daga bakin Inna na ji. Na tambayi Inna, ta ce daga gwaggonta ta ji. Na ce gwaggon ta gani da idonta? Ta ce ita dai haka ta tashi ta ji ana faɗa. Daga nan duk tsohuwar da ta zauna gabana kitso sai na tambaye ta, wa kika sani da daji ya kashe bayan an yi mata aiki? Su ba ni suna. In ce, da aka kai ta, da ƙafarta ta tafi ko ɗaukarta aka yi? Duk wadda aka ambata mini, ɗaukarta aka yi. Nan na gane abin da ya faru. Muna riƙe mace a gida sai ciwo ya gama cinta, sannan mu kai wa likita ragowar, in ta rasu mu ce wuƙarsa ce.

Don haka in wata ta ce miki daji ba ya son ƙarfe, kada ki yi mata dariya, kada kuma ki buɗe littafi. Tana da gawar da take tunawa. Ki tambaye ta wace ce, ki yi wa mamaciyar addu'a, sannan ki tambaye ta a wane hali aka kai ta. Ki bar ta ta ba kanta amsa. Kuma duk ranar da aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba, mu je wurin wanda ya sani. Da na faɗi haka a ranar Alhamis ɗin nan, wataƙila da yanzu Yaya tana goyon jikoki.

Za ki ɗauka wadda ta ga wannan ba za ta sake ba. Na sake, kuma a jikina.

Shekara tara bayan rasuwar Yaya, kina makarantar kwana, ina wanka da safe hannuna ya ci karo da shi. Nonon hagu, can wajen hammata, kamar ƙwayar gurjiya. Na danna, babu zafi. Na san ko mene ne tun kafin in ɗauke hannu. Abin da na yi shi ne na daina taɓa wurin. In zan yi wanka sai in bi ta kansa da soso da sauri, kada yatsa ya ji. Wata huɗu ina haka.

Har yau ina mamakin kaina. Jahilci ba ne, don na riga na sani. Na sha zama ina tunanin me ya riƙe ni. Ina jin tsoro ne iri uku suka haɗu: tsoron wuƙa, tsoron zama mace mai nono ɗaya, da wani tunani na wauta cewa muddin ban faɗa da baki ba, abin bai tabbata ba. Ko kin taɓa jin malamanku sun yi bayanin wannan? Yadda mutum zai san gaskiya sarai ya kuma zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai? Ina so in ji abin da suke cewa.

Wata safiya babanki yana shan koko kafin ya tafi Islamiyya, na ce, "Malam, wani abu ya fito mini irin na Yaya Rabi."

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin azumi."

Ya lissafa watannin da yatsa. Sannan ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Na ce, "Malam, ni na bar wa Allah."

Ya ce, "Wanda kika bar wa Shi ne Ya halicci likitan. Ranar da akuyarki ta ƙi cin dusa ba ki ce kin bar wa Allah ba, da kanki kika je kika kira malamin dabbobi. Ɗauko mayafinki, A'i."

Ranar bai je makaranta ba. Aka duba ni nan Daura, aka ba mu takarda zuwa Katsina. Can aka yi hoto, aka ce za a sa allura a ɗebo ɗan tsoka a auna. Da allurar ta shiga na runtse ido ina jiran in ji dajin ya fusata ya bi jikina, duk da binciken da na yi a kan tsofaffi. Ban ji komai ba sai ɗan tsunkuli.

Akwai wata nas a wurin, Malama Binta, Allah Ya saka mata da alheri, don na dame ta da tambaya. Na ce, "Malama, me ya sa ba ya zafi? Ƙurji ƙarami ma yana hana mutum barci." Ta ce ƙurji baƙo ne ya shigo, jiki yake faɗa da shi, shi ya sa ake jin zafi. Wannan kuwa ɗan gida ne. Ta ce jiki an gina shi ne da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace ta san lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Sai ɗaya ta manta tsayawa, ta yi ta haihuwa, 'ya'yanta su ma su yi ta yi. Jiki ba ya saurin kuka da su don nasa ne, sai sun yi yawa sun danne wani wuri. Na ce ina so in gan su. Ta yi dariya, ta nuna mini hotonsu a wayarta, yadda suke a ƙarƙashin madubin likita. Ummi, ɗigo-ɗigo ne ruwan hoda da shuɗi, kamar zanen atamfa mai tsada. Na daɗe ina kallo. Na ce, "Wannan kyakkyawan abin ne ya kashe Yaya?" Ta ce shi ne, in an ba shi lokaci.

Da sakamako ya fito likita bai ɓoye mini ba. Ya ce sankara ce, kuma ta fara taɓa kaluluwar hammata. Ya ce da na zo lokacin da na fara ji, mai yiwuwa da ƙullutun kawai za a cire a bar mini nonon. Yanzu sai an cire duka, a kuma bi da ruwan magani ta jijiya sau shida. Wata huɗun da na yi ina bi da soso, abin da suka ci mini ke nan.

Aka yi aikin. Ruwan maganin ya wahalar da ni, amai, baki ba ɗanɗano, gashina ya zube tas. Mai kitso babu gashi ko ɗaya a kanta. Da kika zo hutu kika tarar da ni a rame, ɗankwali ba ya barin kaina, muka ce miki taifot ne da wani ƙari da aka cire. Shekara bakwai ke nan yanzu. Ina zuwa a duba ni duk lokacin da suka sa mini, har yau ba a ga komai ba, alhamdu lillahi.

Abin da za ki ɗauka a nan: kada ki zaci duk wadda ta ƙi zuwa gwaji rashin sani ne. Wata ta fi ki sanin abin da ke cikin rigarta. Irin wannan ba bayani take bukata ba, wanda zai ce mata ɗauko mayafinki take bukata. Ki nemi hanyar da maganarki za ta kai ga mazaje, ko ta bakin limami ko mai unguwa. Kuma ki nanata wa mata cewa rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne. Ko wannan kaɗai suka riƙe daga bakinki, kin yi aiki.

Na warke, gashi ya fito, na koma kitso. Ina cusa auduga a rigar mama, babu wanda ya sani a unguwa sai babanki. Bayan shekara biyu Talatu mai waina, maƙwabciyarmu, ta zauna gabana tana dariya ta ce, "A'i, ƙuruciya ta dawo mini. Shekara uku da ɗaukewar al'ada, ga shi ina ganin jini."

Na tsayar da hannu a kanta. A layin asibiti na zauna da mata masu sankarar bakin mahaifa, na kuma tambaye su yadda tasu ta fara. Da yawa haka suka ce, jini bayan al'ada ta ɗauke, ko jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari. Amma na yi shiru na ci gaba da kitso, don in na yi magana za ta ce ina na sani. Mako uku ina sayen wainarta ina kallonta. Da abin ya ishe ni kuma sai na yi ɓaramɓarama. Ta shigo gyaran kai, mata biyar suna zaune a tabarma, na ce, "Talatu, jinin nan naki sankarar mahaifa ce, ki je asibiti kafin ta kashe ki."

Talatu ta miƙe da rabin kai a tsefe, ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Yaushe kika zama likita?" Ta fita. Wata biyu ko gaisuwata ba ta amsawa. Kuma tana da gaskiya. Na tona mata asiri a gaban mutane, na kuma raɗa wa ciwonta sunan da ban da ikon raɗawa.

Wata ranar Laraba da hantsi, bayan ta sauke tanda, na shiga gidanta. Na ce ina son magana a ɗaki. Ta shiga tana ɗaure fuska. Na saki labule, na cire mayafi, na cire riga, na zare audugar na ajiye a kan gado.

Ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta ce, "Ƙarfe ya taɓa ki?"

Na ce, "Ya taɓa ni. Shekara biyu ke nan. Ni ce dai nake yi miki kitso."

Ta matso ta sa yatsa a kan ɗinkin, ta bi shi har hammata. Ta ce, "Kuma Malam ya zauna da ke haka?"

Na ce, "Shi ya kai ni."

Ta zauna bakin gado. Ta ce, "Ni tsoron gwajin nake. An ce wani ƙarfe ake sawa."

Na ce, "An yi mini. Mace ce take yi, a bayan labule, ba ya kai lokacin da kike ɗauka ki juya tanda ɗaya. Ban san abin da ke damunki ba, Talatu, na yi kuskure da na ce na sani. Mu je a duba."

Washegari muka tafi tare. An sami abin, amma bai yi nisa ba. Aka cire mata mahaifa, ta yi jinyarta ta tashi. Wainar da na ƙulle miki a leda ta hanya, hannunta ne.

Tun daga ranar na daina ɓoye wa matan unguwa. In mace ta zauna gabana, ina raba kai ina tambaya. Yaushe rabonki da ki shafa ƙirjinki da hammatarki bayan kin yi wankan tsarki? Kin taɓa ganin jini ko ruwa yana fita ta kan nono ba ki shayarwa? In ta ce akwai wani abu, ba na kiran sunan ciwo, sai in ce ranar kaza zan raka ki. Na raka mata da dama. Yawancinsu ba sankara ba ce, wata ƙari ne mara cutarwa, wata ma babu komai, mu dawo muna dariya a hanya. Ki riƙa faɗa musu wannan, don tsoron sakamako yana hana zuwa fiye da tsoron ciwon. Kuma maganar jikin mace a ɗaki ake yinta, da labule a sake.

Akwai tambayoyin da har yanzu ban sami mai amsa mini ba, ke da kika yi karatun ki bincika mini. Mu uku Inna ta haifa mata, me ya sa ya kama biyu ya tsallake ɗaya, alhali tuwo ɗaya muka ci? Me ya sa ake ce masa daji? An ce maza ma yana kama su a nono, gaskiya ne? Allurar rigakafin sankarar mahaifa da ake yi wa 'yan mata, ta yaya take tsare abin da sai bayan shekaru yake zuwa? Na bari an yi wa ƙanwarki, amma ina so in gane yadda take aiki, don mata suna tambayata ina kame-kame.

Saura kuskure ɗaya, shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa, don da ke na yi shi.

Ranar da za a sallame ni likita ya tambaye ni ko ina da 'ya mace. Na ce biyu. Ya ce tunda ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya muka yi, wani lokaci abin yana bin jini. Ya ce ba dole ne ya same ku ba, amma in faɗa muku in kun girma, ku san jikinku, ku riƙa dubawa duk wata, ku kuma gaya wa duk likitan da zai duba ku, don a fara sa muku ido da wuri fiye da sauran mata. Na ce to. Na dawo gida na ninke maganar na ajiye.

Shekara uku da suka wuce, da za ki shiga makarantar koyon aikin lafiya, kina zaune a kan tabarma kina cike takardunsu. Kika ɗago kika ce, "Umma, wai a danginmu akwai wanda ya taɓa yin sankara?" Ina tsefe wa wata kai. Ban ko ɗago ba na ce, "Babu." Na ga kin rubuta.

Na kai matan mutane asibiti, na cire riga a gaban maƙwabciya, amma 'yar da na haifa ta tambaye ni na ce babu. Wataƙila kin ji a bakin unguwa kina jin nauyina kika yi shiru, ban sani ba. Ko ma yaya ne, daga bakina ya kamata ki ji. Amsar ita ce akwai. Mu biyu ne, Rabi da A'i, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ki yafe mini.

Kafin ki ɗaga labulen ɗakin kowa a Dutsi, ki sami babbar da ke sama da ke a asibitin, ki ce mata ke za a fara yi wa gwaji. Ki ba ta amsar nan yadda take, ta rubuta. In an gama ki kira ni ki faɗa mini abin da aka gani, kowane iri ne. Zan saurara, ba zan ba babanki wayar ba.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa albarka a hannunki da bakinki, Ya sa matan da za ki shiga gidajensu su karɓe ki kamar tasu. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya kai haske kabarinta. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
A'i